Baba Mwakipesile, mai sunkuyar da fitilun Makambako

Da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da sauran makanikan garin Makambako ke wanke hannu, Baba Yosiya Mwakipesile yake fara nasa aikin. Zai sha shayinsa, ya ɗauki alli ya sabunta layin awon hasken fitila da ke jikin bangon garejinsa, ya zauna jiran motoci. Shekara talatin da ɗaya aikinsa ke nan: sunkuyar da fitilar mota ta kalli kwalta, ta daina kallon idon mutane.

Ni direban motar dankali ne, kuma a gabansa na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Na je masa da sababbin ƙwayayen fitila farare fat, har da shuɗiyar leda a kan gilashin don gayu. Ya sa na tsuguna a gaban motata, daidai tsayin ɗan acaba, ya shiga ya kunna, ya miƙo hannu ta taga.

"Ɗana, yatsu nawa na ɗaga?"

"Baba, ko motar ban gani ba."

"To haka ka yi wa 'ya'yan mutane tun daga Njombe. Tashi ka ɓare ledar nan, ango."

Ba ya taɓa fitila sai mota na ɗauke da kayanta, domin buhuna kan danne baya, gaba ya ɗaga, hasken ya tafi sama. Ka zo masa wayam ya kore ka. Direbobi sun yi masa tsiya, sun kira shi Fasto, bai fasa ba.

Amma mu faɗi gaskiya, an fi ƙarfinsa. Yau ƙwayayen nan har a bakin tasha ake tallarsu. Wanda ya gyara wa da yamma, da safe ya sake ɗagawa, wai wasu na kashe masa ido, shi ma sai ya rama. A watan jiya aka haske wani ɗan acaba, Erasto Sanga, ya faɗa kwalbati da mai juna biyu a bayansa. Ba wanda ya tashi. Baba ya je jana'iza ya dawo, ya ce mini, "Ina gyara ɗaya, kasuwa na sayar da ɗari."

Yanzu idanunsa sun gaji da kallon haske, likita ya ce ya bari. Ƙarshen watan nan zai rufe, kuma ba ko mutum ɗaya da ya zo koyo. Abin na ci mini rai.

Baba, kai ne mai ceton waɗanda ba su san an cece su ba. Mutum nawa suka isa gida lafiya saboda kai, ba mai iya ƙirgawa, don haka ba mai zuwa godiya. Ni dai na gode, Allah ya saka maka.

'Yan'uwana direbobi, ban ce ku koyi sana'arsa ba, na san ba za ku yi ba. Daga wata mai zuwa a ƙafa zai riƙa zuwa majami'a da magariba, ta gefen babban titi. In kun hangi tsoho ya kare fuska da hannu, ku rage fitila.