Watan Amarcin Sabina Tierney

Sabina Tierney tana da shekara talatin da ɗaya ta auri Malachy Hession, a wani ƙauye na gundumar Mayo, ranar Talatar ƙarshe kafin azumin coci. Ita ta ce tana sonsa. Da aka kai ta, uwar miji ta tare ta a bakin ƙofa, ta karya gurasa a kanta don albarka.

Fadama ɗaya ce tsakaninta da gidan iyayenta. Daga inda take tatsar saniya tana hango hayaƙinsu. Amma amarya ba ta taka gidansu sai ta cika wata. Wadda ta saɓa, an ce tsiya take kwasowa gidan miji.

Ran kwana goma sha tara ƙanenta Festy ya zo, hula a hannu.

"Yaya, Inna ce. Ƙirjin nan ya kwantar da ita, sunanki take ta kira."

Sabina ta jawo mayafi. Uwar miji ta tare ƙofa.

"Ina zuwa, 'yar nan? Macen da ta haifi tara tari ne zai kashe ta? Ko so kike shanuna su ƙare?"

Sabina ta dubi Malachy. Ya sunkuya yana gyara wutar murhu. "Yi haƙuri," ya ce, "kwana nawa ya rage?"

Ta ajiye mayafin. Wannan ajiyewa ita ta yi ta cin ranta daga baya, don ba wanda ya riƙe mata hannu. Ita ma tsoron take ji.

Da safiyar kwana ashirin da shida ta hango fada, limamin coci, a kan doki ya nufi gidan iyayenta. Kafin rana ta take, kukan mata ya tsallako fadamar. Ko gawar Innarta ba ta gani ba. A bakin hanya ta jira aka fito da akwatin, ta bi bayansa zuwa maƙabarta.

Shekara arba'in da uku ta yi a gidan Hession, ta haifi shida. Ba a ƙara ganinta wajen rawar biki ba. Da ƙafa ta mutu wa uwar miji, Sabina ce ta yi jinyarta shekara bakwai, wanka da juyi da ba da abinci, ba ta taɓa gazawa ba, ba ta kuma taɓa kiranta Inna ba.

Gab da rasuwarta tsohuwar ta kama mata gefen riga.

"Sabina, kin yafe mini?"

Sabina ta ɗebo cokali. "Buɗe baki," ta ce, "kunun zai huce."