Kuɗin Lasisin Saratu Da Na Mayar Buhunan Dawa

Ni mai sayar da hatsi ce a kasuwar Zuru. Mijina soja ne, a bakin aiki ya rasu. Ban taɓa zama a aji ba sai da na haura arba'in, na shiga yaƙi da jahilci don na gaji da dangwala yatsa a takardar fansho. Shekara goma ina uwar adashe a zumuntar mata ta cocinmu, ba a taɓa nemana da kwabo ba. Ku riƙe wannan, yara, don ku san ba da sata aka haife ni ba.

Saratu ɗiyar wana ce, a hannuna ta tashi a unguwar Rikoto. Ta karanta kwamfuta, ta dawo ba aiki, sai ta duƙufa haɗa wasan waya. Wasan golmo ne, noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Kana latsawa saurayi yana huɗa, tsoho yana bakin gona yana raina aikin. Ranar da ta nuna mini na yi dariya har da hawaye, don tsohon nan babanmu ne sak, har tsakin.

Ta yi mini bayani cewa akwai wata manhaja ta wani kamfanin waje da ake gina wasa a kanta, inji suke kiranta. Kamar injin niƙa, kowa ya kawo hatsinsa. Koyo kyauta ne, amma ranar da za ka kai wasanka kasuwa sai ka sayi lasisi. Ba ta da kuɗin. Sai ta yi roƙo a intanet, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, in wasa ya fito a rubuta sunansa a ƙarshe.

"Goggo, asusunki zan saka," in ji ta. "Ni wa ya san ni? Ke kuwa har bariki an san hannunki."

Kuɗi suka fara shigowa. Sojojinmu da ke nesa, malaman makaranta, har wani makiyayi daga Wasagu. Wayata ta dinga ƙara, ni kuma na kasa zama. Ina awo ina leƙawa, ina tuwo ina leƙawa.

Ga inda na faɗi. A adashe, uwar adashe ba ta barin kuɗi su zauna banza. Takan juya su, ranar kwasa ta cika. Na ɗauka wannan ma haka ne. Kaka ce, dawa ta yi arha a kasuwar Mahuta, Saratu kuma ta ce saura wata uku ta gama. Na ce buhu biyar kawai. Kasuwa ta zagayo na ƙara. Kafin in farga na kwashe duka. Ni da nake tauna ƙwayar hatsi kafin in saya, rannan ban tauna ba, arha ta rufe mini ido. Ashe dawar ba ta gama bushewa ba. Da na buɗe ɗakin ajiya, warin fumfuna ne ya fara tarbata.

Yarinyar kuma ba ta jira wata ukun ba.

"Goggo, na gama! Zo mu biya."

Na ce mata katina ba ya biyan kuɗin waje, ta bari in sa a biya a shago. Na nufi wani mai gyaran waya, na faɗa masa damuwata. Ya yi dariya.

"Haba Mama, wa ke sayen lasisi a garin nan? Kawo na shayi in ba ki lambar lasisin."

Ya ba ni lamba, ya buga mini rasit. Na kai mata, ta rungume ni tana tsalle.

Wasa ya fito. Kwana tara ana yabonta. Daga nan kamfanin ya gano lambar ta sata ce, aka cire wasan daga kasuwa, aka rufe mata rajista. Waɗanda suka ba da kuɗi suka fara kiranta ɓarauniya. Ta same ni a rumfa, idonta ya kumbura.

"Goggo, ki dube ni. Wa kika ba kuɗin nan?"

"Ni kike tuhuma? Ni da na goya ki? Tashi ki ba ni wuri!"

A nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba. Na zauna na rubuta sabon roƙo da sunanta, na ce kuskure aka samu, a ƙara taimakawa, na tura wa matan bariki. Na ce wa kaina zan sayi lasisin gaske in rufe asiri. Karatun da na koya da furfura a kaina, da shi na tsara ƙarya, harafi bayan harafi.

Wani saje da ya ba da nasa ya zo hutu, ya taho da 'yan sanda. Saratu suka kama, ranar kasuwa, a gaban jama'a. Ina tsaye da mudu a hannu. Ta waigo ta dube ni sau ɗaya. Na so in ce muku na bi su na tona kaina. Ban bi ba. Kwana biyu ta yi a tsare, takardar banki ce ta tona ni.

Alƙali ya ba ni shekara biyu. A gidan yari ba yunwa ce ta cinye ni ba, wannan waigen ne. In zauna, in tashi, in zagaya tsakar gida, yana nan. Matan zumunta sun zo sau ɗaya suka yi mini addu'a. Saratu ba ta zo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da aka sake ni, gidanta na fara zuwa. Na durƙusa, ni babba, na ce ta yafe mini. Ta miƙo mini waya. Ashe ta sake gina wasan daga tushe a kan wani inji na kyauta, ba ta roƙi kowa ba, don ta san ba mai sake ba ta.

"Ga sunayen," in ji ta. "Ki karanta da ƙarfi, Goggo. Ai kin iya karatu."

Na karanta. Saje yana ciki, makiyayin Wasagu yana ciki. Wani kofur an sa alamar gicciye a gefen sunansa, ya rasu a fagen daga kafin wasan ya dawo. Na kai ƙarshe, na koma sama, na sake saukowa.

"Ina naki sunan?"

"Na cire. In mutane suka gan shi ba za su sauke wasan a wayoyinsu ba."

Yanzu na koma awo a rumfar wata, ina biyan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Na tuba, Allah ne shaidata. Amma ku saurare ni, yara. Kuɗin da jama'a suka tara don abu, na abin ne, kada ku ce bari in juya kafin lokaci. Kada ku karɓi lambar da aka ba ku a kuɗin shayi. In kun yi ɓarna, ku faɗa ranar da aka fara tambayarku, tun ana kiranku Goggo da daɗin baki. Kuɗin ina mayarwa, wata rana zan gama. Sunan Saratu ne ban san a wace kasuwa zan sayo mata ba.