Tsakuwa a Faifan Inna

Jiya ina cin shinkafa na tauna tsakuwa, sai kawai na kama dariya, don kakata Inna ce ta faɗo mini a rai. A gidanta na Limancin Kona ba a taɓa tauna tsakuwa ba.

Na tuna ana gobe zan rubuta jarrabawar neman aiki, na zauna kusa da ita a tsakar gida da hantsi. Tana tsintar shinkafa a faifai, ƙamshin daddawa na tasowa daga madafi. Na fassara mata wata tambaya: "Duk mai ɗinkin hula yana da allura. Audu yana da allura. Wace amsa ce tabbas?" Amsoshi huɗu ne, ni kuwa tuni na rungumi ta farko, wai Audu mai ɗinkin hula ne.

Ta zaro allura daga ɗankwalinta. "Ga tawa. Hula nawa na taɓa ɗinka maka?"

Muka yi ta dariya har ta share hawaye. Ta ce, "Haba angona, garajen me kake yi? Tsakuwa ake fara fiddawa, abin da ya rage shi ne abinci."

Haka muka bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, tana jefar da tsakuwa ina sokewa da biro, har saura guda: ba a san sana'ar Audu ba. Na samu aikin, da dabarar tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Allah ya tsince kurakuranki ya watsar, Inna, ya bar miki tsabar alheri.