Roda da Haruffan da Suka Zube

Roda Silas 'yar Bogoro ce ta asali, amma a Azare ta yi wayo, domin nan aka turo mahaifinta aikin malamin dabbobi tun tana goye. Mutanen unguwarsu sun san ta da tambaya. Tana aji huɗu ta kwance rediyon babanta don ta ga inda mai magana yake zama, ta sha bulala, washegari kuma ta tambayi uban ko wayar ja da baƙar aikinsu ɗaya.

A shekarar 1984 ta samu aikin buga tafireta a wani ofishi da ke raba wa manoma iri. Shekara goma sha ɗaya tana buga sunayen manoman Katagum da Misau da Dambam, har ta haddace rabinsu. Ana nan sai hedikwata ta aiko musu da kwamfuta. Aka ajiye ta a ɗaki na musamman, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, ma'aikata suna leƙowa suna wucewa. Roda ce ta ɗauki littafin da ya zo da ita, tana karantawa lokacin cin abincin rana. Kafin damina ta kare ta zuba sunayen manoma duka a ciki.

Wata Litinin da hantsi tana cikin aiki, sai ta ga harafi ɗaya ya saki layinsa ya faɗo ƙasan allon. Wani ya biyo shi. Kafin ta miƙe, sunayen mutanen Dagauda sun taru a ƙasa kamar an share tsakuwa.

Malam Umara mai kula da sito, dattijo ɗan asalin Borno, ya leƙo ya gani, ya ja da baya yana salati.

"Roda, tashi daga gaban abin nan. Wannan ba aikin mutum ba ne."

"Baba Umara, dakata in ga ko za su koma."

Ba su koma ba. Aka kira wani injiniya daga Kano mai suna Talha. Ya zo da nasa faifan kwamfutar, ya wanke na'urar, ya ce cuta ce ta kama ta, kuma a jikin faifai take yawo daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Roda ta ce, "Injiniya, ƙura ce ke kawo ta ko zafi?"

"Mutum ne ya rubuta ta, Madam. Da gangan."

"Ya san mu ne?"

"Ina! Wataƙila ma bai taɓa jin sunan Nijeriya ba."

Wannan magana ta tsaya mata a rai. A ce wani yana can wata ƙasa, bai san Azare ba, bai san manomin gero ba, amma hannunsa ya iso teburinta. Ta riƙa tambayar kanta me ya samu, kuma ta wace ƙofa abin nasa ya shigo.

Bayan mako uku haruffa suka sake zubewa. Talha ya dawo, ya wanke, ya tafi. A karo na uku mutanen ofis suka fara kallon Roda, wasu na cewa ita ce ba ta iya ba. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta samu takarda ta fara rubuta duk faifan da ya shiga na'urar, da mai shi, da ranar. Ta kuma roƙi Talha ya bar mata faifan bincike ya koya mata amfani da shi.

Wata guda ya isa. Duk faifan ofis lafiya lau. Guda ɗaya ne ke fita ya dawo, wani shuɗi, na shugaban ofishin, Alhaji Bunu, wanda ke karatun ƙarin ilimi. Ranar Asabar yakan kai shi wani shago a Kano a gyara masa rubutu, ranar Litinin ya shigo da kansa ya sa a na'ura.

Kwana biyu tana juya yadda za ta faɗa masa. Malam Umara ne ya ba ta dabara: kada ta ambaci sunan kowa, ta ce kawai tana so a gwada faifan kowa a gaban shugaba, nata ne farko. Haka aka yi. Aka gwada nata, aka gwada na sauran. Alhaji Bunu ya ciro shuɗin nasa daga aljihu yana raha. Na'ura ta yi ƙara, ta nuna jan rubutu.

Alhaji Bunu ya dubi allon, ya dubi faifan.

"Malama Roda, ashe ni nake kawo muku ita?"

"Yallaɓai, shagon ne ya ba ka, su ma wani ya ba su."

Ya yi dariya har da tafa hannu. Ranar ya kafa doka: ba faifan da zai shiga sai Roda ta gwada shi, kuma kalmar sirrin buɗe na'urar, wadda a da aka manna a jikin bango kowa na gani, a canza ta, daga shi sai ita.

Dokar ta kusa jawo mata matsala. Wata rana shugaba ya tafi rangadi, wani mutum cikin kwat ya shigo ya ce daga hedikwata yake, a buɗe masa ya kwafi sunayen manoma. Ta nemi takarda, ya ce ya manta ta a Bauchi. Ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta ƙi buɗewa. Ya yi faɗa, ya rubuta sunanta ya tafi. Ashe da gaske daga hedikwatar yake, babba ne ma. Mako biyu tana jiran takardar tuhuma.

Takardar da ta zo daban ce. Mutumin ya zaga ofisoshi shida, biyar sun buɗe masa ba tare da sun tambayi ko sunansa ba, abin kuma ya dame shi a hanyar komawa. Aka umarci Roda ta riƙa zagayawa tana koya wa masu buga takardu na sauran rassan abin da take yi.

Haka ta ƙare shekarun casa'in a motocin haya tsakanin Azare da Misau da Jama'are, faifan bincike naɗe cikin leda a jakarta. Malam Umara dai har ya yi ritaya bai yarda ya taɓa na'urar ba, amma duk baƙon da ya nufi ɗakin, shi ne ke tare shi a ƙofa ya tambaye shi abin da ke aljihunsa.