Kwalbar Man da Ta Riga Mu Shiga Gidaje

Shekarar da aka sa ni aikin bin gidaje, ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin shan magani na ƙauyenmu. An ce ana son sanin abin da mutane ke ci da yadda suke motsa jiki, don a gane ko shirin ciyarwa da aka yi a baya ya yi amfani, a kuma san inda za a kai tallafin garin kunu. Aka ba ni waya mai ɗauke da tambayoyi, da sikeli. Aka haɗa ni da wata shugaba daga birni, mace mai kirki, sai dai ƙamshin turarenta kaɗai ya isa ya sa matar ƙauye ta gyara zama.

Tsakiyar damina ce, rumbuna sun yi ƙasa, gero bai nuna ba. Labari kuwa ya riga mu bazuwa cewa baƙi za su leƙa madafi. Mutanenmu kuma sun gwammace su kwana da yunwa da baƙo ya ga gindin tukunyarsu.

A gidan farko muka tarar da kwalbar man gyaɗa cike, an toshe bakinta da totuwar masara, ga kwanon shinkafa a gefe. A gida na uku na sake ganin ta da totuwarta. Ta kan katanga ake miƙa ta, kafin mu gama sallama ta samu wurin zama. Na danne dariyata.

Da muka isa gidan Gwaggo dariyar ta ɗauke. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a lokacin tana riƙe da jikoki biyu marayu. Ga kwalbar nan a bakin murhunta.

"Inna, jiya me kuka ci?" in ji shugabata.

"Shinkafa da miya, Hajiya, da ɗan nama. Alhamdu lillahi."

"Sau nawa kuke ci a rana?"

"Uku mana."

"Kina motsa jiki?"

Gwaggo ta rufe baki da mayafi. "Ni da tsufana zan kama tsalle-tsalle? A'a."

Matar da tun asuba take tsakanin rijiya da turmi da fartanya ke nan. Jiyan kuma ina gidan, kwaɗon tafasa suka ci, sau ɗaya, babu ko ƙuli. Da ta hau sikeli shugabata ta sake duba lambar, sannan ta ce wasu haka ƙirarsu take. Wayar tana hannuna. Gwaggo ta kalle ni, na kalli takalmin baƙuwar, na danna abin da aka faɗa. Ba zan ɗora wa kowa laifin ba. Kunya na ji a ce gidan da na tashi haka yake.

Bayan wasu watanni sakamako ya fito. An ce yankinmu na samun abinci isasshe, har maiƙo ya so ya yi yawa, matsalarmu zaman wuri ɗaya ce. Garin kunu ya tafi wata mazaɓar. Mu aka aiko mana da manyan takardu masu hoton wani ƙaton mutum yana gudu, aka ce in tara mata in yi musu bayani.

Na tara su a ƙofar ɗakin shan magani. Na ce su rage nama da soye-soye, su riƙa ɗan tattaki da yamma. Suka yi ta gyaɗa kai, babu wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi. Ban taɓa tsanar muryata kamar ranar ba.

Da aka watse Gwaggo ta kama hannuna. Yatsunta sun zama kamar kara.

"'Yar nan, masu rabon garin ba su biyo ta nan ba ne?"

"Ba za su zo ba, Gwaggo. An rubuta cewa mun ƙoshi."

Ta saki hannuna, ta gyara mayafinta.

"To, madalla. Ba mu dai ji kunya ba."

Ta waiga ta tabbata babu mai jin mu, sannan ta rage murya ta tambaye ni ko ina da ɗan tsakin hatsi a gida, ƙaramar jikarta kwana biyu ke nan ba ta iya tashi.