Riga Mai Igiya Hamsin da Biyu

Bayan na yi ritaya daga aikin fassara na zauna a Aubervilliers. A benen da ke ƙarƙashin nawa akwai wata tsohuwa ƴar Panjab, mabiyar addinin Sikh, wadda yaran gidan ke kira Bibi, wato kaka. Kowace shekara, ranar bikin Diwali, takan jera ƙananan fitilun yumɓu a bakin taga, ta raba kayan zaƙi, ta tara yara bayan magariba. Nakan raka jikata Rabi, in zauna kusa da ƙofa.

Mabiya addinin Hindu, in ji ta, suna kunna fitilu ne don haska wa wani ɗan sarki hanyar gida bayan doguwar hijira. Su kuwa Sikh suna tunawa da jagoransu na shida, wanda sarki ya tsare tare da ƴaƴan sarakuna hamsin da biyu. Da aka sallame shi, ya ƙi fita shi kaɗai. Sarki ya ce duk wanda ya iya riƙe rigar jagoran ya bi shi. Sai jagoran ya sa aka ɗinka masa riga mai igiya hamsin da biyu, kowa ya kama ɗaya, suka fito.

Ni makarantar mishan na yi a Maradi, inda kuskure ɗaya a shifta ke jawo bulala. Na ce, "Baiwar Allah, labarin bai cika ba. An binciki laifin kowannensu?"

Ta yi dariya. "Malam Sani, kai da gyara! Ka gyara mini Faransanci, ka ce fitiluna sun karkace, yanzu kuma mutanen nan za ka kai kotu? Jagoran bai tambaya ba. Tela ya kira."

A lokacin shekara biyu ke nan ban yi magana da ɗana Isufu ba. Ya bar karatun likita a Lyon, ya kama aiki a wani kanti a unguwar La Guillotière, ni kuma na rantse ba zai taka ƙofata ba sai da digiri a hannu. Bibi ta san da haka. Ta miƙo mini fitila. "Ajiye a tagarka. Ta wanda bai dawo ba ce."

Na ce man fitilar zai ɓata katakon taga.

Shekara huɗu bayan haka aka kira ni daga wani asibiti a Lyon. A cikin jirgin ƙasa na tsara abin da zan faɗa wa Isufu, na yi ta gyara kowace jimla har na gamsu. Na tarar an riga an rufe masa fuska.

Yanzu na fahimci cewa da jagoran nan ya tsaya bincike, da kowa ya tsufa a kurkuku. Ni na tsaya. Duk abin da na tuhumi Isufu da shi gaskiya ne, kuma wannan gaskiyar kaɗai ta rage mini daga gare shi.