Ramuka a Bangon Nabor

Nabor Quezada, wanda ake ce wa Don Nabor saboda girmamawa, mai yin tubali ne, kuma rabin gidajen garinmu Tres Encinos daga ƙarƙashin ƙafarsa suka fito. Da ƙafa yake kwaɓa laka, ya zuba mata busasshiyar ciyawa da kashin doki, ya yi ta tattakawa yana ƙunƙuni kamar mai faɗa da ƙasar. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. In ka kushe tubalinsa, sai ya ɗauki guda ya sake shi daga tsayin ƙirji a gabanka. Ba ya fashewa. Sai ya juya ya bar ka da kunyarka.

Bangon da ya fi ji da shi shi ne na garkensa, wanda ke fuskantar hanyar da ke hawa zuwa injin niƙa dutsen azurfa na wani Bature. Shi da ɗansa Cirilo suka gina shi, tubali bibbiyu a kauri.

Masara na goyo shekarar da yaƙi ya iso mana. Da hantsi wasu sojoji mahaya suka shigo. A lokacin mun daina tambayar soja na wane ɓangare ne, tunda kajinmu dai duka suke ci. Shugabansu kuwa mun san shi: Fructuoso Almanza, ɗan wani makiyayi daga bayan tsauni, wanda ya tafi yaƙi da takalmin aro ya dawo ana ce masa Kyaftin. Ya ce garinmu ya ciyar da abokan gaba. Gaskiya ne. Mun ciyar da su kamar yadda muka ciyar da shi kafin su.

Ya sa aka kamo samari shida daga dandali, aka ɗaure su da igiya ɗaya. Sannan ya bi gari yana ƙwanƙwasa bangaye da gindin bindiga.

“Wannan ruɓaɓɓe ne,” in ji shi. “Harsashi zai ratsa ya kashe akuyar mutane, a ce ba mu da tarbiyya.”

Da ya iso bangon garken, ya buga, ya saurara, ya sake bugawa.

“Don Nabor! Aikinka ne wannan? Kai, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ku jera mini su nan.”

Cirilo ne na uku daga hagu. Nabor ya yi kukan kura, suka tare shi da gindin bindiga a baki, wani soja ya taka masa wuya. Kuncinsa na ƙasa, amma ido ɗaya na sama, kuma da wannan idon ya ga komai. Suka yi harbi, sai da suka sake, domin na farko bai gama da su duka ba. Cirilo ya zame a hankali, bayansa na goge bangon, ya bar jan layi mai faɗi kamar an ja shi da tsintsiya. Ƙura ta yi ta fita daga ramukan harsashi, siririya, kamar bangon ne ke numfashi. Kafin rana ta karkata mahayan sun hau tudu, sun ƙone injin Baturen, sun harbe alfadaransa a ɗaure.

Yaƙi ya ƙare kamar yadda zazzaɓi ke sakin mutum, ba wanda ya san ranar. Almanza ya canja ɓangare a kan lokaci, ya dawo da tumbi da agogon aljihu, aka naɗa shi shugaban gari. Mukan cire masa hula. Nabor ma yakan cire, amma sai ya yi kamar kansa ne ke ƙaiƙayi.

Labarin hukumar a shagon Hilarión mai aski muka fara jin sa, domin shi ne ke karanta mana jaridar da ke zuwa a makare.

“Ku buɗe kunne, jakuna,” in ji shi. “Gwamnati da ƙasashen waje za su kafa hukumar biyan diyyar ɓarnar yaƙi. Alƙali ɗaya namu, ɗaya nasu, na uku daga ƙasar da ba ruwanta, shi zai raba gardama.”

Wani ya ce, “Ni yaƙi ya ɗauke mini haƙora biyu ya bar mini surukata. Wanne zan kai ƙara?”

Ana cikin dariya Nabor ya miƙe daga kujera, rabin fuskarsa kumfa.

“Za su zo su gani da idonsu?”

“To da za su biya abin da ba su gani ba? Zauna, tsoho, kar in yanke maka kunne.”

Ba wanda ya tambayi diyyar ta su wa ce. A kanmu aka yi yaƙin, mu muka binne gawarwakin, don haka muka ɗauka maganar tamu ce.

A garinmu, kowace shekara kafin bikin waliyyin manoma San Isidro, gida-gida ake shafa wa bango farar ƙasa, har gari ya yi ta ƙyalli kamar an wanke shi. Wanda bai shafa ba, ko makoki yake ko hauka. Nabor ya shafa wa ɗakinsa, ya shafa wa rumbu, ya bar bangon garken yadda yake. Har ya yi masa ’yar rumfa ta kwano don kada ruwan sama ya cinye bakin ramukan. Jan layin ya koma baƙi, daga baya ya koma kalar tsatsa.

Matarsa Petronila ta ce, “Me za su ba ka? A sikeli za su auna maka Cirilo?”

“Ko sentabo ɗaya ba na so.”

“To me kake so, dattijon banza? Kullum na fita ɗiban ruwa sai na ga inda ya zame.”

“So nake wani wanda ba ya cire wa Almanza hula ya sa yatsa a ramin nan, ya ce, e, an yi.”

Daga ranar Petronila ta canja hanyar rijiya.

Hukumar kuwa ta ƙi haɗuwa. Shekara guda suna gardamar birnin da za su zauna. Wata shekarar sun kasa yarda da alƙali na uku. Da aka samu, ya yi fushi ya koma ƙasarsu, aka shiga neman wani. Duk sanda Nabor ya wuce shagon, sai Hilarión ya leƙo.

“Don Nabor, albishirinka! Sun sayi teburi. Saura kujeru.”

Furfura ta cika wa Nabor kai, gizo-gizo ya yi ta saƙa a ramukan, shi kuma yana bi da tsinke yana sharewa.

Sai wata shekara, dab da bikin, labari ya zo cewa alƙalan uku za su zo da kansu su duba kangon injin. Ta ɓangarenmu hanya ɗaya ce ke hawa can. Almanza ya sa aka yi shela: kowane bango a toshe raminsa, a shafa masa fari, kada baƙi su ce mu ƙazamai ne. Kowa ya shafa. Bangon Nabor ya rage shi kaɗai a bakin hanya, kamar ruɓaɓɓen haƙori a bakin amarya.

Da rana tsaka ’yan sandan gari uku suka zo, ɗaya da kwandon laka, ɗaya da bokitin ɗanyar farar ƙasa mai cin fata, ɗaya da bindiga. Suka tarar da Nabor zaune a gindin bangon, adda a kan cinya.

“Baba, matsa. Kyauta za mu yi maka aiki.”

“Crisanto, ɗakin da aka haife ka ni na yi tubalinsa. Koma gida.”

Crisanto, mai kwandon, ya yi dariya ya damƙo laka ya cusa a ramin farko. Addar ta sauka a kan dantsensa, har muka ji ƙarar ƙashi daga tsallaken hanya. Ya faɗi yana ihu yana kiran uwarsa. Mai bindiga ya juya ta ya maka wa Nabor gindinta a haƙarƙari, ya ƙara masa, sannan ya take hannunsa na dama a kan dutse ya daddatse yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ukun ya ɗaga bokiti ya watsa masa a fuska. Ihun da Nabor ya yi, karnukan gari duka sai da suka amsa. Mu muna tsaye a ƙofofinmu masu fari, ba wanda ya motsa.

Suka toshe ramukan, suka kwaɓa wani bokitin suka shafe bangon tas, suka ɗauki ɗan’uwansu suka tafi. Petronila ta ja mijinta ciki, ta yi ta wanke masa ido da madarar akuya. Na hagu ya dahu, ya yi fari kamar na dafaffen kifi. Na dama ya tsira da ɗan haske.

Washegari da sassafe muka ga Petronila a gaban bangon da cokali a hannu. Shekaru ta yi tana kauce wa wurin, amma ba ta yi laluben ko rami ɗaya ba. Tana zuwa sai ta soka cokalin daidai, ta ƙwaƙulo lakar tun ba ta bushe ba. A kan farin, ramukan suka fi fitowa, baƙaƙe wuluk, ana hango su daga dandali.

Kwana kaɗan bayan haka motoci biyu suka shigo gari, yara na bin su. Nabor ya fito tsakiyar hanya, hannu a naɗe da tsumma, rabin fuska a saɓule. Direba ya yi ta hon, bai gusa ba. Daga motar gaba wani tsoho siriri mai sanda ya sauko. Shi ne alƙali na uku, mutumin wata ƙasa ta kudu, yana jin harshenmu amma yana jan sa kamar waƙa. Sauran biyun suka tsaya a bakin mota suna kare hanci daga ƙura. A motar baya Almanza ne zaune, shi ke yi musu rakiya.

Nabor bai gaishe shi ba. Ya kama wuyan hannunsa da hagu, ya ja shi zuwa bangon, ya cusa yatsansa a rami na uku daga hagu. Yatsan ya shige har gindi.

“Ɗana ne. Cirilo Quezada. Su shida ne.”

Alƙalin bai janye hannu ba. Ya ce, “Ɗanka ɗan wace ƙasa ne, Don...?”

“Nabor. Ɗan nan ne. Can bayan rumbu aka binne cibiyarsa.”

“Don Nabor, hukumarmu asarar baƙi kaɗai take dubawa, abin da ’yan ƙasashen waje suka rasa a yaƙinku. Ba mu da hurumi a kan ɗan ƙasa.”

Nabor ya ce, “Alfadaran Baturen fa?”

“Suna ciki.”

Wata mata a bayana ta yi wata irin dariya, ta toshe baki da mayafi.

“To ban ce ka biya ni ba,” in ji Nabor. “Yatsanka na ina yanzu?”

“A ramin harsashi.”

“An yi ko ba a yi ba?”

“An yi.”

Ya faɗe ta da ƙarfi, kowa ya ji. Sannan ya tambaya ko ranar da aka ƙone injin ne, kuma ko mutanen ɗaya ne, domin wannan kam aikinsu ya shafa. Nabor ya juya da ɗan hasken da ya rage masa, ya ɗaga hannun nan mai tsumma, ya nuna motar baya.

“Tambayi wancan mai agogon. Shi ya ce bangona ya fi na kowa kauri.”

Almanza ya yi murmushi, ya taɓa gefen kansa da yatsa, wai Nabor ya taɓu. Alƙalin ya daɗe yana kallon Almanza. Sannan ya cire wa Nabor hula, ya koma mota, suka hau tudu. Ta ɗaya gefen tsaunin suka sauka zuwa tashar jirgi. Ba mu ƙara ganinsu ba.

Almanza kuwa ya dawo tun rana na da sauran tsawo, shi da mutum biyu da shanun noma. Nabor na zaune inda ya saba. Bai jira a ɗaga shi ba, ya miƙe ya jingina da bangon, daidai wurin ɗansa.

“Ka makara, Fructuoso. An riga an gani.”

Almanza da kansa ya harba, a ciki, sannan a ƙirji, sannan ya matso ya ƙara ɗaya a fuska. Aka ɗaura wa bangon sarƙa, aka kora shanu. Sai da suka durƙusa suna kumfa kafin ya yarda ya faɗi. Da ƙura ta lafa sai ga tubalan a zube, lakar da ke tsakaninsu ta rabu, su kuwa yawancinsu ko tsagewa ba su yi ba.

Bayan an kai Nabor makwanci, Petronila ta dawo ta tsuguna a cikin tarin tubalan, tana juya tubali ɗaya-ɗaya har ta sami wanda take nema. Ta naɗe shi a mayafi ta rungume kamar jariri. Uwar wani daga cikin samarin ta zo ta ɗauki nata. Hilarión ya zo da baro, yana kuka yana zagin kansa. Kafin sati ya zagayo, babu tubali mai rami ko ɗaya a wurin.

Ba wanda ya shirya, ba wanda ya yi shela. Kowa ya fasa bangonsa ta gefen titi ya dasa nasa tubalin, ramin na kallon waje. Almanza ya yi shekaru yana bin titin nan a kan doki, safe da yamma. Ba zai iya rushe gari duka ba, ga shi kuma hanya ɗaya ce zuwa ofishinsa. A ƙarshe ya koyi tafiya yana kallon kunnen dokinsa.

Abin da hukumar ta yanke a kan injin da alfadaran, ban taɓa ji ba. Amma har yau, in bikin San Isidro ya matso aka fito da bokitai, za ka ji uwa tana ce wa ’yarta, “Ke, bi a hankali, kewaye tubalin Don Nabor.” Sai burushi ya zo, ya yi kwana, ya wuce.